Bayan Gwani Sai Wa?

Ɗan ƙanena ne ya same ni a soro bayan la'asar, waya a hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da littafin rubutu da ya cika da jadawali. Ɗalibin jami'a ne. Shi da abokansa huɗu sun yi wata shida suna wani wasa duk yammacin Juma'a a shagonsa da ke ƙofar gidanmu, nan cikin badala, ba nisa da kasuwar Kurmi. Ina jiyo muryoyinsu in na zo wucewa, wani lokaci gardama, wani lokaci shiru kamar masu sauraron karatu. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baffa, mun maƙale. Maharbin abokina ya ƙure ajinsa, kuma ban san me zan kira abin da ke gabansa ba."

Sai da ya yi mini bayani daga tushe. Sunan wasan Dungeons & Dragons, wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974. Tatsuniya ce da ake ƙagawa tare. Mutum ɗaya yana riƙe da labarin, shi ke faɗin gari da daji da abin da ke ɓoye a kogo, sauran kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya shiga rigarsa, ya yi magana da bakinsa, ya zaɓa masa abin da zai yi. In an zo inda ba a san ko abu zai yiwu ba, sai a jefa ƙwaya mai fuska ashirin, 'yar'uwar ta lido, ita za ta raba gardama. Ba a sa kuɗi, kuma ba wanda ke cinye wani. Wasan bai yaɗu a birni ba, su ma a intanet suka tsinci dokokin da kamfanin wasan ya saki kyauta, na bugu na uku. Abin da ya ja hankalina shi ne da Hausa suke yi, kuma yaron yana so kowace kalma ta zauna daram.

Wasu sunayen sun riga sun sama musu mazauni, kuma sun yi dabara. Mai riƙe da labari sun kira shi madugu, jaruman kuma ayari. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin fataken Kano da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro haka suke tafiya: madugu uban tafiya, ga jagaba a gaba yana duba hanya da zango, ga uban dawaki, ga malamin ayari mai rubutu da addu'a. Kowa da aikinsa, kuma in ɗaya ya gaza duka ayarin ne zai ji a jikinsa. Wannan fassara ba ta bukatar gyara.

Inda na fara tsayar da shi shi ne kalmar aji. A wasan, kowane jarumi yana da nau'in aikin da ya iya: mayaƙi, ko mai sihiri, ko malamin addini, waɗannan uku su ne na asali a 1974, daga baya aka ƙara ɓarawo da sauransu. Kalmar Turancin da ake kiran wannan rabo da ita ita ce dai wadda ake kiran ajin makaranta, shi ya sa yaron ya ce aji. Amma aji a bakin Bahaushe hawa ne. Aji ɗaya, aji biyu, aji shida, yaro yana barin wani ya shiga na gaba. In ka ce wa mutumin Kano jarumin nan ajinsa mayaƙi ne kuma yana mataki na biyar, ka ba shi tsani biyu a jimla ɗaya. Ga kuma ma'ana ta uku, ta 'yan birni, da ake cewa wance mai aji ce. Na ce masa kalmar da yake nema tana nan a ƙofar gidansa, wato sana'a. Birnin nan da sana'a aka yanka shi: Soron Ɗinki, Dukawa, Takalmawa, marinar Ƙofar Mata, sunan unguwa ma yana gaya maka abin da hannun mutanenta ya iya. Kuma sana'a tana zuwa da nata rabon da wasan bai da shi, na ɗan gado da ɗan haye, wanda ya buɗe ido ya ga uwar maƙera a gidansu da wanda ya shigo da girmansa. Ya rubuta wannan a gefen takarda, na ga alamar zai yi amfani da shi.

To amma maharbin da ya maƙale ba a sana'ar farko ya maƙale ba. A shekarar 2000, da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da bugu na uku, ya shigo da wani sabon abu: ƙananan sana'o'i na musamman da ba a farawa da su, sai jarumi ya yi nisa, ya cika sharuɗɗa, sannan a karɓe shi. Guda shida ne a littafin madugu na farko, cikinsu akwai maharbi mai haɗa kibiya da sihiri, da masanin da ya tara asirai, da mai rawa cikin inuwa, da makashin haya. Kowacce matakai goma gare ta. Turawa sun kira su da kalmar firestij, wadda yau take nufin ƙima a idon jama'a, ko da yake asalinta a Latin rufa-ido take nufi.

Yaron ya fassara ta da ajin daraja. Rabin farko mun riga mun ture shi. Rabi na biyu kuwa ya fi yadda ya zata zurfi. Daraja Larabci ce, kuma a can tana nufin matakala, ƙafa ɗaya ta tsani. Martaba ma kusan haka take, matsayi ne a jeri. Da suka shigo Hausa sai tsanin ya ɓace, ƙimar ta zauna: in aka ce mutum mai daraja ne ba wanda zai tambaya ta nawa. Muƙami kuma daga kalmar Larabci ta wurin tsayuwa ya fito, wato shi da matsayi ɗanjuma ne da ɗanjummai, ɗaya baƙo ɗaya ɗan gida. Mataki kaɗai ya riƙe ƙidaya, saboda daga taka ya fito, kuma taku ana lissafa shi. Saboda haka mataki ya dace da hawan da ake ƙirgawa a wasan, daraja kuma a bar ta ga abin da ba ya ƙirguwa.

Ita ƙaramar sana'ar ta musamman fa? Na kawo masa misali biyu. Maƙeran birni kashi biyu ne, maƙeran baƙi masu fartanya da gatari da wuƙa, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla da kayan adon mata da na doki. Duk ƙira ce, amma hannu ya rabu. Haka mayaƙan dā: akwai dakaru a ƙasa, akwai barade a kan doki, cikin mahaya kuma akwai 'yan lifida, waɗanda Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kananeji, tsakanin 1390 da 1410, aka fara shigo da kayansu tare da kwalkwali da sulke. Ba kowane mahayi ake ɗora wa lifidi ba. Har yau in ka tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe za ka gan su daban, su da dawakinsu a lulluɓe. Kalmar da malamai ke amfani da ita ga irin wannan reshe ita ce fanni, kuma ita muka ɗauka. Maharbin yana da sana'a, yaƙi, yana da fanni, harbi.

Yanzu ga inda aka maƙale. Maharbin ya shiga fanninsa yana mataki na bakwai, ya cinye goman nan yana na goma sha bakwai. Dokar wasan ta tsaya a ashirin. Saura taku uku, kuma fanninsa ba shi da sauran abin ba shi. Sai dai ya koma sana'ar da ya baro, ko ya tsinci wani fannin da bai dame shi ba don kawai ya cike gurbi. Kamfanin ya taɓo wannan a 2002 cikin littafin Epic Level Handbook, wanda ya buɗe hawa sama da ashirin. Dokar da ya kafa ita ce fanni mai matakai goma zai iya ci gaba zuwa na sha ɗaya da abin da ya yi sama, amma sai jarumi ya kai ashirin a jimla. Fannin da bai kai goma ba kuwa ba shi da ci gaba. Hanyar ƙarin kuma ta lissafi ce: a duba abin da yake ƙaruwa a kai a kai, in duk bayan taku biyu kibiya tana ƙara kaifi, to ta ci gaba da ƙarawa haka har abada, a riƙa haɗawa da wata baiwa jefi-jefi. Ba sabon suna, ba sabon aiki. Maharbi na mataki na goma sha huɗu shi ne na goma, lambarsa ce kawai ta kumbura.

Ni a ganina a nan wasan ya yi asara, kuma asarar suna ce. Da farko ba haka yake ba. A littafin 1974 kowane mataki da sunansa. Mayaƙi yana farawa a matsayin tsohon soja, a na huɗu a kira shi gwarzo, a na takwas babban gwarzo, a na tara kuma ubangida, wanda dokar ta ba shi damar gina ganuwarsa, ya tara jama'a, ya karɓi haraji. Mai sihiri sunaye goma sha ɗaya yake bi, malamin addini takwas. Matakin da sunan ƙarshe yake zuwa 'yan wasan suna kiransa matakin suna, domin daga nan sunan ba ya sake canzawa. A bugun 1989 aka zubar da waɗannan sunaye aka bar lamba tsura. Mu ma mun ga irin wannan a aikin gwamnati. A shekarar 1974 ɗin dai, rahoton Udoji ya jera ma'aikata daga mataki na 1 zuwa na 17, aka wayi gari mutumin da dā ake sani da akawu ko babban akawu ko ma'aji yana gabatar da kansa da lamba. Soja ma da yake ƙirga igiya da anini bai yar da kurtu da kofur da saje da samanja ba.

Na ce wa yaron ya ajiye wayar, mu duba tsanin da ya fi kowanne tsufa a unguwarmu. Na faɗa masa tun farko cewa ba ina haɗa karatun Alƙur'ani da wasa ba ne, Allah ya kiyaye. Hikimar da magabata suka yi wajen sa wa hawa suna nake so ya gani.

A tsangaya yaro yana shigowa ƙolo. Yana fama da babbaƙu, sannan farfaru, allonsa ƙarami, wankinsa kullum. In ya tasa ya zama titibiri, ya fara iya ɗaukar karatu mai tsawo, ana aikensa itacen da za a hura a yi karatun dare. Daga nan gardi, saurayi mai ƙarfi da ya yi sauka ko ya kusa, wanda yake biya wa ƙanana, yake tafiya gabas neman ƙari, yake keɓewa a kiskadi shi da allonsa. Ka lura, kowane suna yana gaya maka abu uku a tare: shekarun mutum, nisan karatunsa, da aikin da ke wuyansa. Wanda ya haddace izu sittin, ya yi satu, wato ya riƙa rubuta karatu da ka a allo yana kaiwa darasu ana duba masa har ya ƙare, ya kuma iya rubuta Alƙur'ani sukutum ba tare da ya duba ba, shi ne alaramma. Sunan ma addu'a ce ta neman rahamar Allah da aka ɗauko daga Larabci, ta daɗe a baki har ta zama laƙabi.

A lissafin masu wasan, nan ne mataki na goma. Surori 114 ne, ba za a ƙara ta 115 ba. Abin da za a haddace ya ƙare. Da masu tsangaya irin masu littafin 2002 ne, da sai su ce alaramma mai rubutu ɗaya, alaramma mai rubutu biyu, a yi ta ƙirgawa. Ana faɗin hakan kuwa, ana cewa wane ya rubuta kaza, amma ba a tsaya nan ba. Sai aka buɗe wani hawa da sabon suna, gwani, kalmar da muka samo daga Barebari, masu cewa goni. Gwani ya san abin da ke bayan hadda. Ya san harji, wato sau nawa kalma kaza ta zo da wasali kaza, kuma a ina da ina. Ya san inda ayoyi suka yi kama da juna har mahaddaci ke zamewa daga wata sura ya faɗa wata. In an zauna darasu shi ake kallo, in alarammomi biyu suka saɓa a kan ɗigo ɗaya shi ke yanke magana. Karatun da ke ƙirjinsa shi ne dai wanda ke ƙirjin alaramma. Bambancin shi ne yanzu allunan wasu ake kawo masa. Kuma mutum ba ya wayar gari ya kira kansa gwani, sai waɗanda suka riga shi sun gwada shi sun sallama. A saman wannan ma akwai gangaran, wanda karatu ke gangaro masa ba tuntuɓe, gwanin da gwanaye ke kai wa tambaya.

Kalmar ta fita daga tsangaya ta shiga ko'ina, har ana cewa gwanin rawa, gwanin magana, gwanar tuwo. Tun da aka fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986 ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ta kuma samu sabuwar hanya, matasa maza da mata suna fitowa da sunan gwani da gwana. Wasu dattawan tsangaya suna ganin sunan ya yi sauƙin samu. Ina fahimtarsu, ko da yake ina murna da yaran. Duk sunan da ke saman tsani, in masu shi suka yi yawa, jama'a za su nemi wani su ɗora a kansa. Magina sun yi haka tun tuni. Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, gwani bai ishe shi ba, sai aka ce Babban Gwani, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin Zariya.

Yaron ya ce, "To Baffa, ai sai in ce maharbin ya zama Sarkin Baka kawai." Na ce a'a, nan kuma ka tsallaka wani gida.

Sarauta da gwaninta hanyarsu daban. Gwanaye goma za su iya zama a unguwa ɗaya, ba wanda ya rage wa wani komai. Sarkin Maƙera kuwa ɗaya ne, haka Sarkin Fawa, haka Sarkin Aski, haka Sarkin Gini. Kujera ce, sai ta zama babu kowa a kai, kuma wani ne ke naɗa ka. Shi ya sa muke kiran sarauta rawani: abu ne da hannun wani ke ɗaura maka a ka. Ko ka fi mai rawanin iya harbi sau goma, rawaninsa na kansa. Abin mamaki, tsohon wasan ya san wannan. A littafin 'yan wasa na 1978 akwai sana'ar duruwid, malamin daji irin na mutanen Turai na dā. A mataki na goma sha biyu mutum tara kaɗai aka yarda su zauna, a na sha uku mutum uku, a na sha huɗu mutum ɗaya tak. In ka tara ƙwarewar da ta kai, ba za ka hau ba sai ka kayar da mai kujerar, wanda ya faɗi kuma ya sauko. Taran nan ta tuna mini Tara ta Kano, majalisar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a mulkinsa na 1463 zuwa 1499, duk da ba abin da ya haɗa su sai adadi. Mu dai ba da kokawa ake karɓar rawani ba, amma fahimtar ɗaya ce, cewa can sama wuri ƙunci gare shi.

Fadar Kano ta kuma iya faɗaɗa suna in bukata ta zo. Madaki gajarcewar madawaki ne, mai dawaki, jagoran mahaya. Sarkin Dawaki kuwa har uku muke da su: Mai Tuta, wanda yake cikin masu zaɓen sarki tare da Madaki da Makama da Sarkin Bai, sai na Tsakar Gida, sai Babba. Gindi ɗaya, kowanne da kalmar da ta nuna inda aikinsa ya dosa. Galadima da Ciroma daga Barno suka zo mana, Waziri daga Larabci, aka zuba su a jeri ɗaya da Wambai da Turaki da Ɗan Iya. Ana ɗaga mutum daga wata zuwa wata, kamar yadda Alhaji Abbas Sanusi ya tashi daga Wambai ya zama Galadima a 2014. Sai dai wanda ya ɗauki wannan jeri a matsayin tsani mai ƙafa a jere zai sha mamaki. Ibrahim Dabo daga Galadima ya hau gadon a 1819, Abbas daga Wambai a 1903, Abdullahi Bayero daga Ciroma a 1926. Ado Bayero kuwa Wakilin Doka ya riƙe, yana jakadan Nijeriya a Senegal aka kira shi a 1963. Ba ƙidayar da za ta gaya maka wanda zai hau.

Akwai wani abu a tarihin duruwid ɗin da ya tsaya mini a rai. A 1985, cikin littafin Unearthed Arcana, Gygax ya ƙara wa wannan sana'a hawa har zuwa ashirin da uku, kuma wannan shi ne ƙarin da na fi ganin hikimarsa a duk abin da yaron ya karanta mini. A na sha biyar mutum ya zama shugaban duk masu sana'ar a duniya. Hanyar wuce nan guda ce: ya sauka daga kujerar da kansa, ya bar wa wani, sannan a buɗe masa matakan da suka rage da wani suna daban, ba shi da mulki a kan kowa. Hausa tana da kalmar wannan, murabus. Mutanen Kano kuma sun san cewa rayuwa ba ta ƙarewa a nan. Sarki Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya bar gadon a 1963 cikin rikicin siyasa, ya koma Azare, amma sunan da dubban mutane suka riƙa zuwa gaishe shi da shi bayan haka Halifa ne, na ɗariƙar Tijjaniyya.

Saura kalma ɗaya, wadda ke kan bangon littafin 2002, ta matakan da suka haura ashirin. Yaron ya rubuta matakin almara. Ban ƙi ta ba gaba ɗaya, amma almara a kunnenmu tana ɗauke da ƙanshin abin da bai faru ba. Kalmar Turawan daga Girkanci ta fito, kuma tana nufin doguwar waƙar da ake yi wa mazaje. Wato jarumi ya kai inda mawaƙa suka san da zamansa. Wannan kuwa muna da shi, ba sai mun aro ba. 'Yan dambe nawa suka ɗaura zare a ƙasar Hausa? Amma Shago ake tunawa, saboda Ɗan'anace ya ɗauke shi ya sa a bakin duniya. Mafarauta da 'yan tauri nawa suka shiga daji suka fito? Waɗanda Kassu Zurmi ya ambata su ne suka rage a kunne. Kirari ba malami ke ba da shi ba, ba kuma sarki ba. Jama'a ce ke yi, ta bakin maroƙa da makaɗa, kuma ba a tuɓe shi kamar rawani. Na ce ya rubuta matakin kirari.

Da muka zo nan littafinsa ya nuna abu uku inda dā yake da ɗaya. Mataki, wanda mutum ke takawa da ƙafarsa. Rawani, wanda ake ɗaura masa in kujera ta samu. Kirari, wanda ke zuwa daga bakin mutane. Wasan ya cusa ukun cikin lamba guda, shi ya sa da lambar ta ƙare aka rasa abin yi sai ƙara mata wata. Bugun 2008 ya yi ƙoƙarin raba hawan gida uku, goma-goma har talatin, kowane gida da irin hanyarsa, na 2014 kuma ya dawo da iyaka ashirin. Ban ga laifin lissafin ba, wasa na bukatar ƙidaya kamar yadda dara ke bukatar gurabu. Amma yaran da ke zaune a birnin da ko gwagware suna da sarkinsu, Nalako, wanda ke fitowa da tashe a watan azumi, bai kamata su rasa sunan da za su kira maharbi ɗaya ba.

Ga abin da muka tsayar kafin a kira magariba. Maharbin ya gama fanninsa, daga yau gwanin baka ne. Taku ukun da suka rage masa kafin ashirin ba za a ƙara wa kibiyarsa komai ba. A na sha takwas madugu zai turo masa yara biyu su koya a hannunsa, kuma in ɗayansu ya yi ɓarna a gari shi za a kira. A na sha tara maharban wasu garuruwa za su fara kawo masa gardamarsu. A na ashirin zai iya duban kibiya a jikin gawar dabba ya faɗi hannun da ya sake ta. Sarkin Baka kuwa yana nan a garin da suka ƙaga, tsoho ne, idonsa ya fara rauni, kuma ba a ce za a ba kowa kujerarsa ba. Kirari kuma yaron ya ce ba shi zai rubuta ba, zai bar wa sauran 'yan ayarin, ranar da suka ga ya cancanta.

Juma'ar da ta biyo na dawo daga masallaci na tarar da takalmansu a ƙofar shago. Na ɗan tsaya. Ɗan ƙanena yana tambayar mai maharbin me zai yi yanzu da ya shigo gari, ga fada a hannun dama, ga gidan tsohon a hannun hagu. Yaron ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce zai fara biyawa kasuwa ya sayi goro, domin ba a zuwa gaida Sarkin Baka hannu rabbana.